RAJISTAR IKKILISIYA: SUNAN WA KE KAN TAKARDAR FILINMU?

 

A wannan karo muna so mu yi magana a kan abin da ba a cika yin wa'azi a kansa ba, ba a kuma cika sa shi cikin ajandar taron dattawa ba sai ran da wuta ta riga ta kama. Maganar ita ce matsayin ikkilisiyoyinmu da ƙungiyoyinmu na taimako a gaban dokar ƙasa. Tambayar da muke so kowane dattijo ya yi wa kansa kafin ya ajiye wannan takarda ita ce: filin da majami'armu ke kai, da asusun da muke zuba baiko, da sunan wa aka rubuta su?

Bari in fara da abin da na gani da idona. Shekarun baya, sa'ad da nake hidima a wata gunduma, an kira ni wani ƙauye inda masu bi ba su fi gida 20 ba. Iyayensu ne suka sayi filin majami'a. Maza sun kawo dawa, mata sun sayar da gyaɗa, aka haɗa kuɗin. Amma da yake a lokacin mai filin ba zai yarda ya sayar ba in ya ji majami'a za a gina, sai wani dattijo mai tsoron Allah ya saya da sunansa. Kowa ya san amana ce ya riƙe, kuma har ya koma ga Ubangiji bai taɓa cewa filin nasa ne ba. Bayan rasuwarsa aka zo rabon gado, sai 'ya'yansa, waɗanda yawancinsu sun tashi a birni, suka sami takardar ciniki a cikin akwatinsa ɗauke da sunan mahaifinsu da hatimin mai unguwa. Suka lissafa filin cikin gado, har da gidan fasto da ke kansa.

Muka tafi wurin wani lauya. Tambayoyi 3 ya yi mana. Sunan wa ke kan takardar? Ikkilisiyarku tana da rajista, ko tana ƙarƙashin wadda ke da rajista? Akwai wani rubutu, ko da a littafin taron dattawa ne, da ya nuna cewa marigayin amana ya riƙe? Duka ukun ba mu da amsa mai daɗi. Waɗanda suka shaida cinikin duk sun rasu, ban da tsohuwa guda. A ƙarshe sulhu aka yi, ikkilisiya ta sake sayen filinta daga hannun magada, ta yi damina 2 tana biya. Ban ɗauki yaran nan a matsayin mugaye ba, gama abin da takarda ta faɗa suka bi. Laifin namu ne, mu shugabanni, da muka bar dukiyar Allah ta rataye a kan numfashin mutum ɗaya.

Abin da doka ke gani

A idon doka, taron mutanen da ke haɗuwa ran Lahadi su yi sujada, komai yawansu, ba mutum ba ne. Ba zai iya mallakar fili da sunansa ba, ba zai iya kai ƙara da sunansa ba, sai dai waɗansu membobi su tsaya a madadin sauran. Kada mu ɗauka ƙananan ƙungiyoyi kaɗai wannan ya shafa. A shekarar 1989, a wata ƙara da marigayi Cif Gani Fawehinmi ya shigar, Kotun Ƙoli ta yanke cewa Ƙungiyar Lauyoyin Nijeriya kanta, a yadda take a lokacin, ba mutum ba ce a gaban doka. In haka ta faru da ƙungiyar masana shari'a, ina ga majami'ar ƙauye?

Hanyar da doka ta buɗe ita ce rajistar amintattu. Ƙungiya ta zaɓi mutanen da ta yarda da su, a yi musu rajista da sunanta, daga ranar sai su zama jiki ɗaya a gaban doka, jikin da ba ya mutuwa da mutuwar kowanensu. Zai iya riƙe fili, ya buɗe asusu, ya ƙulla yarjejeniya, ya kai ƙara, a kuma kai shi. Wannan hanya tsohuwa ce. Tun 1924 akwai dokar da ta ba ƙungiyoyi damar riƙe fili ta hannun amintattu. A 1990 aka kawo Dokar Kamfanoni da ake kira CAMA, wadda ta kafa Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ta kuma amince da rajistar da aka yi a ƙarƙashin tsohuwar dokar. Sa'an nan a ranar 7 ga Agusta, 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar CAMA, inda maganar amintattu ta fara daga sashe na 823 zuwa na 850.

Iyayenmu cikin bangaskiya sun gane wannan da wuri. An kafa ECWA a 1954, ta sami rajista a 1956, don haka sa'ad da mishan ta SIM ta miƙa mata sauran ayyukanta a 1976, akwai hannun da doka ta sani wanda zai karɓa. Waɗannan mutane ba su da digiri a fannin shari'a, amma sun san cewa Turawan mishan za su tafi, su ma za su mutu, aikin kuwa dole ya ci gaba.

Ko rashin bangaskiya ne?

Mun sha jin waɗansu 'yan'uwa suna cewa ikkilisiya ta Almasihu ce, sunanta a rubuce yake a sama, me za ta yi da takardar gwamnati? Gaskiya ne, babu wata hukuma da ke haifar ikkilisiya, kuma ba da izinin CAC muke sujada ba. Tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin addini a sashe na 38, da 'yancin yin tarayya da waɗansu a sashe na 40. Masu bi 5 da ke addu'a a gindin bishiya ba su karya doka ba. Amma ran da suka sayi fili, ko suka tara kuɗi, ko suka ɗauki ma'aikaci, sun shiga harkar da duniya ke auna ta da takarda.

Littafi Mai Tsarki bai raina takarda ba. A Farawa sura 23, Allah ya riga ya yi wa Ibrahim alkawarin ƙasar, duk da haka da Saratu ta rasu bai karɓi kogon Makfela kyauta ba. Ya auna shekel 400 na azurfa ya ba Efron a gaban jama'a a ƙofar gari, domin kada wani ya tashi gobe da wata magana. A Irmiya sura 32, annabin yana tsare, sojojin Babila sun kewaye Urushalima, amma da ya sayi gonar Anatot a kan shekel 17, ya rubuta takarda, ya buga hatimi, ya kira shaidu, ya ba Baruk ya ajiye a tukunyar ƙasa domin ta daɗe. A Ezra sura 5 da 6 kuma, sa'ad da mai mulkin yankin ya zo yana tambayar wa ya ba Yahudawa izinin sake gina Haikali, abin da ya raba gardama shi ne umarnin Sarki Sairus da aka binciko a ma'ajiyar takardun mulki. Da aka same shi, Sarki Dariyus ya ce a bar su su ci gaba. Su ma 'yan tsiraru ne a ƙarƙashin mulkin da ba nasu ba, kamar yadda da yawa cikinmu muke a garuruwanmu. Allah ne ya tsare su, amma ta wurin rubutaccen abu ya yi.

Wace hanya ta dace da wa?

A nan ne ake yawan ruɗewa, don haka bari mu rarrabe.

Idan ikkilisiyarku reshe ce ta ɗarikar da ta riga ta yi rajista, ba ku bukatar wata sabuwar rajista. Abin da kuke bukata shi ne a rubuta filinku da gine-ginenku da sunan amintattun ɗarikar, daidai yadda sunan yake a takardar shaidar rajista, ba tare da ragi ko ƙari ba. Ku nemi kofen takardar daga hedkwata ta hannun sakataren gunduma. Mu yi hattara da mai zuwa ya ce reshe ya yi tasa rajista dabam a ɓoye. Sau da yawa wannan shi ne matakin fari na ɓallewa, ƙarshensa kuwa kotu ne da kulle majami'a.

Idan ikkilisiya ce mai zaman kanta, ko tarayyar ikkilisiyoyi, ko ƙungiyar taimakon gwauraye da marayu, ko ƙungiyar ci gaban al'umma, rajistar amintattu ita ce ta fi dacewa, ta kuma fi sauƙi.

Akwai hanya ta uku, wato kamfanin da ba shi da hannun jari, wanda membobinsa ke tsaya masa lamuni. Wannan ya fi dacewa da babban aiki kamar asibiti ko babbar makaranta, inda kuɗi ke shiga da fita kamar na kasuwanci amma ba a raba riba. Yana bukatar amincewar Antoni Janar na Tarayya, kuma jimlar lamunin da membobi za su ɗauka ba za ta gaza Naira 100,000 ba bisa ga dokar 2020. Dokar ta ba Antoni Janar kwana 30 ya amsa, in bai amsa ba akwai hanyar ci gaba ta wurin sanarwa a jaridu.

Ƙungiyar adashi ko ta manoma, inda membobi ke zuba kuɗi domin su ranta su kuma raba riba, ita kuwa wurinta ofishin ƙungiyoyin gama kai ne na jiha. Kada a cusa ta cikin rajistar ikkilisiya, gama dokar amintattu ta hana raba riba ga membobi. Haka nan takardar da ƙaramar hukuma ko wata ma'aikatar jiha ke ba ƙungiyoyi tana da amfaninta wajen sanin juna da hukuma, amma ba ta mai da ƙungiya mutum a gaban doka. Mutane da yawa sun rataye irin wannan takarda a bango suna zaton sun gama.

Yadda ake yin ta

Matakan ba su da wuyar fahimta. Da fari a kira babban taron membobi, a amince da tsarin mulki, a zaɓi amintattu, a rubuta abin da aka yanke, shugaba da sakatare su sa hannu. Dokar 2020 ta ce amintattu su kasance 2 ko fiye. Shawararmu ita ce kada a tsaya a kan 2, domin in ɗaya ya rasu ɗayan kuma ya yi tafiya, aiki ya tsaya. Doka ta hana naɗa yaron da bai kai shekara 18 ba, da wanda kotu ta tabbatar ba ya cikin hankalinsa, da wanda aka ayyana ya karye da bashi bai fita ba, da wanda aka yanke wa hukunci a kan zamba ko rashin gaskiya cikin shekara 5 kafin naɗin.

Daga nan a nemi amincewar hukumar a kan sunan, a buga sanarwa a jaridu 2 na kullum, aƙalla ɗaya ta zama mai zagaya ƙasa duka. Sanarwar za ta nuna sunan ƙungiya, da manufofinta, da sunayen amintattu, a ba jama'a kwana 28 domin duk mai ƙorafi ya kawo. In babu ƙorafi, kuma takardu sun cika, sai a ba da takardar shaida. Yanzu ta intanet ake cike takardun, saboda haka ya kyautu a sami lauya ko wakilin da hukumar ta amince da shi. Ku bukaci rasit a kan kowane kuɗi, ku kuma duba sunanku a rajistar hukumar da kanku, gama akwai 'yan damfara masu buga takardar bogi su ba mutanen ƙauye.

Inda ya fi bukatar natsuwa shi ne tsarin mulki. Kada ku ari na wata ƙungiya ku canza suna kawai. Ran da rikici ya tashi, alƙali ba zai tambayi abin da kuka saba yi ba, abin da kuka rubuta zai karanta. Tsarin ya faɗi a fili: wa ke naɗa amintattu, shekara nawa za su yi, wa ke iya cire su kuma a kan wane dalili, mutum nawa ne za su halarta kafin taro ya zama taro, su wa ke sa hannu a cire kuɗi, wa ke binciken asusu, ta wace hanya kuma za a sasanta saɓani a cikin gida kafin a kai waje. Doka ta wajabta a rubuta cewa dukiyar ƙungiya za a yi amfani da ita ne ga manufofinta kaɗai. Ko da ƙungiyar ta rushe, abin da ya rage bayan biyan bashi ba a raba wa membobi, sai a miƙa wa wata ƙungiya mai manufa irin tata.

Tsoron sashe na 839

Ba za mu ɓoye ba, akwai dalilin da ya sa waɗansu ke ɗari-ɗari. A 2016 Hukumar Kula da Rahoton Kuɗi ta fitar da ƙa'idar da ta iyakance wa'adin shugabannin ƙungiyoyin da ba na riba ba zuwa shekara 20, har da na addini. A watan Janairu 2017 Fasto Enoch Adeboye ya naɗa wani ya shugabanci ikkilisiyarsa a Nijeriya saboda wannan ƙa'ida, kuma cikin 'yan kwanaki Gwamnatin Tarayya ta dakatar da ƙa'idar. Sa'an nan dokar 2020 ta zo da sashe na 839, wanda ya yi maganar dakatar da amintattu a naɗa manajojin riƙo in an ga almundahana ko rashin iya riƙo. Sashen ya ce hukumar, ko kashi 1 cikin 5 na membobi, za su iya kai buƙatar gaban kotu, amma farkonsa ya ba hukumar iko mai faɗi, har da dalilin amfanin jama'a. Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, CAN, ta yi tsayayya da shi ƙwarai. A 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke cewa wannan sashe da waɗansu da ke biye da shi sun saɓa wa tsarin mulki.

Mu da muke zaune a wuraren da ba mu da yawa mun fi kowa fahimtar wannan tsoro. Mun san yadda ikon da aka ba jami'i domin gyara ke iya zama sanda a hannun mai ƙiyayya. Daidai ne a yi tsayayya da dokar da ta wuce gona da iri. Amma mu lura da wani abu: waɗanda suka yi wannan yaƙi a kotu suka yi shi, kuma ƙungiyar da za ta tsaya a can da sunanta sai mai suna a gaban doka. Ikkilisiyar da ta guje wa rajista domin tsoron gwamnati ba ta ɓuya daga gwamnati ba, gama katafila ba ta tambayar rajista kafin ta rushe gini. Abin da ta rasa shi ne bakin da za ta yi magana da shi bayan an rushe.

Mu kuma faɗa wa kanmu gaskiya. Abin da ya fi cinye dukiyar ikkilisiyoyi a ƙasar nan rikicin cikin gida ne. Rikicin shugabancin Assemblies of God a Nijeriya ya tashi a 2014, bai tsaya ba sai da ya kai Kotun Ƙoli a 2017, a tsakani kuwa 'yan'uwa sun yi ta jayayya a kan majami'u da makarantu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ikkilisiyar da littattafanta ke a buɗe, wadda ma'ajinta ke karanta rahoto a gaban jama'a, ta rage wa duk mai neman hujja hanya. Manzo Bulus da kansa, a 2 Korintiyawa sura 8, bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, ya sa ikkilisiyoyi suka zaɓi wanda zai tafi tare da su, domin kada a sami abin zargi. In Bulus bai ɗauki wannan a matsayin raini ba, kada fastonmu ko ma'ajinmu ya ɗauka. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Bayan an karɓi takarda

Rajista ba a yi ta sau ɗaya a manta. Akwai ikkilisiyoyi da ƙungiyoyi a cikinmu waɗanda amintattunsu duka sun rasu tun tuni, sunayensu kuwa suna nan a Abuja kamar suna raye. Ran da za a sayar da wani abu ko a kare wani fili, babu mai sa hannu. Canza amintacce yana bukatar shawarar babban taro, da sanarwa a jarida, da sanar da hukumar. Haka kuma akwai rahoton shekara-shekara da ake kai wa hukumar tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba. Wannan ba sabon abu ba ne, yana cikin dokar 1990 ma. Wanda ya bar shi ya taru zai tarar da tara, zai kuma ga an nuna ƙungiyarsa a rajista a matsayin wadda ba ta aiki, abin da ke korar banki da masu ba da tallafi.

Amintattu kuma su san matsayinsu. Su masu riƙon amana ne, ba masu ikkilisiya ba. Ba daidai ba ne mai kafa ikkilisiya ya rubuta kansa da matarsa da ɗansa a matsayin amintattu, domin ta haka ya mai da gidan Allah gadon iyali da hatimin gwamnati. A zaɓi mutane daga gidaje dabam dabam, a sa mata a ciki, gama Zumuntar Mata ce ke ɗauke da rabin nauyin yawancin ikkilisiyoyinmu, a kuma sa matashi mai ilimi wanda zai iya bin takardu.

Game da haraji, baiko da zakka da kyautai da ake kashewa a kan aikin addini da taimako doka ta keɓe su. Amma in ikkilisiya ta shiga kasuwanci, ribar da ta fito daga nan ba ta cikin wannan keɓewa, kuma albashin ma'aikata yana ƙarƙashin dokar harajin albashi kamar na kowa. Ku nemi shawarar akanta kafin takardar hukuma ta iso.

Abin da rajista ba za ta yi ba

Kada kowa ya ce mun yi masa alkawarin da babu. Takardar CAC ba takardar fili ba ce. Bisa ga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna a matsayin amana. Shi ke ba da takardar shaidar mallaka a birane, ƙaramar hukuma kuma tana ba da izinin riƙo na gargajiya a karkara. Kowa a cikinmu ya san irin wahalar da ikkilisiyoyi ke sha a waɗansu jihohin Arewa kafin su sami wannan takarda, ko da yake sashe na 43 na tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin mallakar fili a ko'ina cikin Nijeriya. Rajista ba za ta sauya zuciyar jami'in da ya ƙudura hana mu ba. Abin da za ta yi shi ne ta ba mu suna da za mu rubuta a kan takardar ciniki, da takardar neman izini, da takardar ƙara. In dole ta sa aka sayi fili da sunan mutum ɗaya, kamar yadda har yanzu ke faruwa, to a ranar a sa lauya ya rubuta takardar da mutumin zai shaida cewa amanar ikkilisiya ya riƙe, iyalinsa su sani, shaidu su sa hannu.

Haka kuma rajistar amintattu ba ta maye gurbin izinin aiki. Makaranta tana bukatar amincewar ma'aikatar ilimi, ɗakin shan magani na ma'aikatar lafiya, gidan marayu kuma na ma'aikatar da ke kula da mata da yara. Da yawa cikinmu muna tune da gidan marayu na Du Merci a Kano. A watan Disamba 2019 jami'ai suka kwashe yaran, aka kama wanda ya kafa gidan. Kotu ta wanke shi daga zargin satar yara a 2021, a 2022 aka ɗaure shi a kan zargin ƙirƙirar takardar rajista ta jiha, sa'an nan kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi a 2023. Ba mu kawo wannan domin mu tayar da tsohon ciwo ba. Mun kawo shi ne domin duk mai riƙe da yaran mutane ko marasa lafiya ya ga cewa a kan takarda ake fara tambaya, a kan takarda kuma ake ƙarewa. A ajiye rasit, a ajiye wasiƙun da aka yi musaya da ma'aikata, a rubuta sunan jami'in da ya karɓa da ranar da ya karɓa.

Kiranmu ga dattawa

Muna roƙon kowace majalisar dattawa ta keɓe zama ɗaya kafin ƙarshen wannan zango domin wannan magana kaɗai. A fito da dukan takardun ikkilisiya a shimfiɗa a tebur. A duba sunan da ke kan takardar kowane fili, da gona, da gida, da babur, da asusun banki. Duk abin da ke da sunan mutum, a fara shirin mayar da shi tun mutumin yana raye, cikin ladabi da godiya, gama yawancinsu sadaukarwa suka yi. A tambayi hedkwata ko amintattun ɗarika suna raye kuma rahoto yana tafiya. A zauna da tsofaffin da suka shaida yadda aka sami filin, a rubuta abin da suka sani su sa hannu ko su dangwala yatsa. A yi kofe 3 na kowace takarda: ɗaya a ikkilisiya, ɗaya a ofishin gunduma, ɗaya a wani gari dabam. Mu da muka ga majami'u sun ƙone da duk abin da ke cikinsu ba ma bukatar a bayyana mana dalili. A ɗauki hotonsu kuma da waya a adana.

Ga 'ya'yanmu lauyoyi da akantoci da ma'aikatan ofishin filaye, wannan ita ce hidimarku. Waɗansu ikkilisiyoyin karkara ba za su iya biyan kuɗin lauya da na jarida ba. Ku ɗauki gunduma ɗaya ku taimaka, manyan ikkilisiyoyin birni kuma su ɗauki nauyin ƙanana. Abin da ake kashewa a bikin godiya guda ɗaya a birni zai iya gyara takardun majami'un ƙauye da dama.

Tsohuwar nan da ta rage cikin shaidun cinikin da na ba ku labari, ran da aka gama biyan filin karo na biyu ta kira ni gefe ta ce, Fasto, gyaɗata na sayar a karo na fari, akuyata na sayar a wannan karo, ka tabbata jikokina ba za su saya karo na uku ba. A makon da ya biyo muka kai takardar aka rubuta ta da sunan amintattun ɗarika.

Ubangiji ya ba mu hikima mu riƙe abin da ya danƙa mana da aminci, ya tsare ikkilisiyoyinsa a duk inda suke, ya kuma ba ƙasarmu salama. Amin.

Naku cikin hidimar Almasihu,
Edita